Ina kuɗin binciken hasken rana?

Tambaya: Malam, ga rana tana ƙona mu a Tawa, amma wuta sai ɗaukewa take yi. Shin gwamnati tana kashe kuɗi kan binciken makamashin rana kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, Nijar ta riga ƙasashe da yawa farawa, domin tun 1965 aka kafa ofishin binciken makamashin rana mai suna ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya jagoranta, inda aka ƙera tukunyar dafa abinci da injin ɗumama ruwa masu aiki da rana. Yau akasarin kuɗin na gina tashoshin wutar lantarki masu aiki da rana ne: Malbaza, megawat 7, da rancen Indiya a 2018, sai Gorou Banda, megawat 30, da rancen Faransa da tallafin Tarayyar Turai. A ganina, an bar masu bincikenmu a baya, tunda faya-fayan tara hasken rana da batura akasari daga waje ake sayo su.