Amsa ga ƙanwarmu amarya kan kayan da za ta sa a hoton da za ta aika wa maigidanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana mata na wannan zaure. Ina fatan kowa ta wuni lafiya, da yara da masu gida. Na saurari tambayar da ƙanwarmu amarya ta turo tun da hantsi, amma ɗinki ya riƙe ni a shago har bayan la'asar, shi ya sa sai yanzu nake amsawa. Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce aiki ya mayar da maigidanta Fatakwal jim kaɗan bayan biki, sai bayan wata biyu yake leƙo Gombe, tana so ta ɗauki hotunan kwalliyar ɗaki irin waɗanda take gani a Instagram ta aika masa, amma ba ta san kayan da ya dace ta sa ba. Na ga wasu sun yi dariya, wata kuma ta ce a bar maganar. Ni a ganina tambaya ce ta mutunci, domin mace ce take neman yi wa mijinta ado, kuma gara ta ji amsa daga bakin yayyenta da ta je ta nemo ta a inda ba a damu da rufin asirinta ba.

Ƙanwata, abin da kike gani ɗin nan Turawa suna kiransa hoton budwa. Kalmar ta Faransanci ce, tana nufin ɗakin da mace take keɓewa ta yi shirinta, kusan abin da mu za mu kira ƙuryar ɗaki. A can mace takan je situdiyo ta biya mai hoto ya ɗauke ta cikin kayan barci ko kayan ciki, sau da yawa don ta ba ango kyauta. Wannan ɓangaren na zuwa situdiyo ki bar musu abinsu. Namijin da ba mijinki ba ba shi da hurumin ganinki a haka, kuma ko mace ce mai hoton, akwai iyakar abin da mace take gani a jikin 'yar uwarta, sannan hoton zai kwana a katin kyamararta da kwamfutarta bayan kin koma gida. Ki sayi ƙafar ɗora waya, ana samunta a shagunan kayan waya, ki saita agogon kyamara a kan daƙiƙa 10, ki kulle ƙofa, ki ɗauki kanki da kanki.

Ma'aunin da nake ba duk wadda ta zo mini da wannan magana guda ɗaya ne, kuma shi zai yi miki zaɓen kaya tun kafin ki shiga kasuwa. Ki zaɓi kayan da in tsautsayi ya sa hoton ya faɗa hannun ƙanwar mijinki, za ki ji kunya na kwana biyu, amma ba za ki rasa inda za ki sa kanki ba. Abin da ya wuce wannan ki ajiye masa sai ya dawo, ya gani da idonsa. Ba ina rage miki daɗin abin ba ne. Shekarun da na yi ina yi wa amare ɗinki sun nuna mini cewa rigar da ta rufe jiki ta bi shi a hankali ta fi fitar da mace a hoto a kan wadda ta bayyana komai, domin kyamarar waya ba ta da kara, duk abin da kika buɗe mata sai ta nuna shi da tabonsa da layinsa.

Bari in fara da rigar mama, domin ita ce ginshiƙi, kuma a nan mafi yawanmu muke kuskure. Ko ba za ta fito a hoton ba, ita ce take tsayar da duk rigar da kika ɗora a kanta. Matan da suke zuwa awo shagona da yawa suna sanye da wadda maɗaurinta ya yi musu yawa, kofinta kuma ya yi musu kaɗan, saboda an saba a shiga kasuwa a ɗaga riga a duba da ido a ce za ta yi. Ki samo tef ɗin awo, ki auna ƙarƙashin ƙirjinki, tef ɗin ya kama jiki ba tare da ya matse ki ba. In kin samu wajen santimita 75, lambarki ita ce 75 a kayan da aka rubuta da lissafin Turai, wadda ita ce 34 a lissafin Ingila. 80 ita ce 36, 85 kuma ita ce 38. Daga nan ki juya tef ɗin ɓangaren inci, ki auna inda ƙirjin ya fi cika, ki cire waccan lambar ta Ingila daga abin da kika samu. In saura inci 1 ne, kofinki A ne. Inci 2 B ne, inci 3 C ne, inci 4 kuma D. Wannan mafari ne kawai, domin kamfanoni suna saɓawa, kuma kayan da ake kawowa daga Sin sau da yawa sun fi lambar da aka liƙa musu ƙanƙanta. Saboda haka ki gwada kafin ki biya in mai shagon mace ce kuma ta yarda. Sabuwar rigar mama a maƙalin farko, wato mafi saki, ya kamata ta kama ki, domin roba tana saki da wanki. Maɗaurin baya ya tsaya daidai da na gaba, kada ya haura sama, yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinsa, tsakiyar gaban ta kwanta a ƙirji, kuma kada nama ya tumbatso ta sama ko ta hammata. Wannan tumbatsar ido yakan yafe ta a madubi, amma a hoto ita za a fara gani.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina. Na sayi saiti ja a wajen wata mai sayarwa ta intanet, hotonsa ya ruɗe ni, da ya iso sai ga shi kamar na yarinya 'yar shekara goma sha biyu, roba ce zalla mai ƙaiƙayi, kuma aka ce ba a mayar da kayan ciki. Tun daga ranar nake cewa a je babbar kasuwar Gombe a taɓa yadi da hannu, ko a ba wadda za ta je Kantin Kwari saƙo tare da awo a rubuce. Kayan ciki na gwanjo kuwa ban ba ki shawara ba ko kaɗan.

Sai maganar yadi. Abin da ake sayar mana da sunan siliki yawanci satin ne na roba, kuma ba laifi ba ne, yana kyau a hoto domin yana kama haske. Aibinsa shi ne yana tona duk wata yamutsa da duk layin kamfai da ke ƙarƙashinsa, don haka a goge shi ta ciki da dutsen guga marar zafi sosai, a rataye shi tun daren jiya, a kuma sa masa kamfai marar kauri a gefe, mai launin fatarki. Leshi mai laushi yana da kyau a bakin hannu da wuyan riga, amma ki yi hattara da baƙin yadi marar kauri, irin su shifon: a ido yana rufe jiki, da zarar hasken filashi ya dake shi sai ya zama kamar ba ki sa komai ba. Yadi mai ƙananan layuka a jere shi ma ki guje masa, kyamara tana rikicewa a kansa ta fitar da wasu igiyoyi masu rawa da babu su a jikin rigar.

Launi kuwa ya danganta da fatarki, kuma tunda na gan ki ranar kamu na san ke wankan tarwaɗa ce. Ja mai duhu irin na zoɓo zai karɓe ki, haka kore mai duhu, da ruwan zuma, da ruwan gwal. Mai duhun fata ta fi kowa sa'a, domin ruwan ɗorawa da ruwan goro da shuɗi mai haske duk suna tashi a jikinta. Fari tas shi ne mai wahala: waya tana auna haskenta da farin rigar, sai ta dusashe fuskar mai ita. In kina son fari ki nemi ruwan madara. Ki kuma dubi zanen gadonki, domin riga mai fure a kan zanen gado mai fure hayaniya ce kawai. Ki shimfiɗa marar ado.

Kada ki tara kaya da yawa, uku sun ishe ki. Na farko doguwar rigar barci ta satin da mayafinta mai ɗamara, wadda za ki iya ɗaurewa ko ki sassauta yadda kika ga dama. Na biyu, kuma shi na fi so, namu na gida: ɗaurin ƙirji da atamfa mai kyau daga cikin kayan lefenki, sabon kitso, sarƙa da 'yan kunne, awarwaro a hannu, jigida ta ɗan leƙo a kan zanen. Iyayenmu da wannan suka yi ado a ɗaki tun kafin a san wani abu wai shi saitin barci, kuma har yau ban ga kayan kanti da ya fitar da kafaɗa da wuyan mace kamarsa ba. Akwai kuma hikima a zaɓen atamfar lefe, domin shi ya saya, zai gane ta da kallo ɗaya. Na uku ki ɗauko ɗaya daga cikin rigunansa da ya bari a gida, jallabiya ko rigar kaftani, ki naɗe hannun, ki zauna a bakin gado da kofin shayi. Ba ta nuna komai, amma ina tabbatar miki ita zai fi daɗewa yana kallo.

Gyaran jiki yana da lokacinsa. In za ki yi halawa ki yi ta kwana biyu ko uku kafin ranar, domin fata takan yi ja ko ta fitar da ƙananan ƙuraje a ranar farko. Jan lalle sai ya kwana ɗaya ko biyu yake kama launinsa sosai. Baƙin lalle kuma, wanda ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, yana ƙona fatar wasu matan, in ba ki saba da shi ba kada ki fara a wannan makon. A ranar ɗaukar hoton ki cire duk abin da ke da roba mai matsewa kamar awa guda kafin ki fara, ki zauna cikin zane, domin shatin robar siket da na rigar mama yana daɗewa a jiki. Yanzu da muke cikin hunturu ki shafa man kaɗanya kaɗan a gwiwa da ƙafa da gwiwar hannu, ki bari ya shiga jiki kafin ki sa satin, in ba haka ba zai yi masa tabo. Humra da turaren wuta ba sa fitowa a hoto, amma ki sa abinki, mace in tana jin ƙamshin kanta fuskarta takan saki.

Haske ki nemi na taga, da hantsi ko bayan la'asar, da labule marar kauri a sake, ki fuskanci tagar ko ki ba ta gefe. Ki kashe ƙwan ɗaki da filashi, ki goge gilashin kyamara, ki ɗora wayar daidai ƙirjinki. Ki duba abin da ke bayanki, musamman madubi, domin yana nuna abin da ba ki yi niyya ba.

Saura inda hoton zai kwana, kuma ina roƙon duk matan zauren nan su saurari wannan. Wayoyi da yawa suna kwafe hoto su kai Google Photos da kansu ba tare da sun tambaya ba, don haka ki kashe wannan kafin ki ɗauki ko ɗaya. Hoton da kika goge ba ya tafiya nan take: a iPhone yana zama kwana 30 a cikin waɗanda aka goge, a Google Photos kuma wanda aka riga aka kwafe yana kai kwana 60 a kwandon shara, sai kin shiga can kin sake goge shi. WhatsApp ya kawo tsarin kallo sau ɗaya tun 2021, ki yi amfani da shi, amma ki sani ba ya hana a ɗauki fuskar wayar da wata wayar. Ki duba sunan wanda za ki tura wa sau biyu, domin dukkanmu mun taɓa ganin saƙon da ya ɓace hanya ya faɗo cikin zaure. Ki kuma yi magana da maigidan tun kafin ki tura, ki ji ko yana ba abokan aiki ko ƙannensa wayarsa, ko yana da makulli a kanta. In wayarki ta lalace, kada ta je wurin mai gyara da waɗannan hotunan a ciki. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, ana iya kai ƙarar wanda ya yaɗa, amma kotu ba ta iya shiga wayoyin mutanen unguwa ta goge abin da ya riga ya zaga. Shi ya sa a hoton da ya fi sakin jiki nake cewa ki juya fuska, ko ki yanke shi daga haɓa, ki kuma lura da zanen lalle da zobe da hoton bikinku na bango, domin su ma suna faɗin ko ke wace ce.

In kina son in duba miki awon, ki biyo ta shago ranar Asabar bayan azahar lokacin da yaran ɗinki suka tashi, ki zo da atamfar da kika zaɓa da rigar maman da kike sawa yanzu, sai mu gwada a ciki.