Tambaya da Amsa: Kwanan daji cikin mota, in sayi bindiga ko kuwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, unguwar Zariya nike zaune. Ina da wata tsohuwar Hiace da na cire ma kujerun baya na sa katifa da ɗan gas na girki da pano na sola a bisa, irin dai motocin nan da muke gani a bidiyo Turawan Amurka na yawo da su suna kwana duk inda dare ya yi musu. Burina in sanyi ya shigo in ɗauki maiɗakina da yara biyu mu tai Gadabeji su ga raƙuman dawa mu kwana biyu ko uku a daji, in Allah ya yarda wata shekara har Ingal lokacin bikin gishiri. To amma abokaina sai tsorata ni suke wai in ba ni da bindiga kar in soma, har wani ya ce zai haɗa ni da mai saidawa. Don Allah mi ka gani, in saya ko kuwa?

Daga wani mai karatu, Maradi

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Niyyarka ta yi mini daɗi wallahi, don yaranmu da yawa sun girma a Maradi ba su taɓa sanin cewa arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955 ba, wanda UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerinta na wuraren kare muhalli a 2017, aka kuma kai mishi raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, a 2018. Wuri ne da ya cancanci a kai yara.

Amma maganar bindiga, a'a, kar ka saya. Kuma wanga abokin da ya ce zai haɗa ka da mai saidawa ka yi mishi godiya ka rufe zancen daga nan. Riƙe bindiga ba da takardar izini ba laifi ne babba a Nijar, tun 1994 ƙasar take da hukuma ta musamman mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa doka ba, kuma ka san shingayen da ke kan hanya, jandarma da ɗan sanda da duwan da sojan gardi, kowa na iya cewa buɗe mota. A halin da ake ciki yanzu mutumin da aka samu da bindiga a ƙarƙashin katifa yana nufin daji ba za a kira shi mai yawon buɗe ido ba, sunan da za a ba shi daban ne, kuma kafin ka gama bayani iyalinka sun kwana a bakin shinge. Wannan ɗaya kenan. Na biyu, su 'yan bindigar da ake tsoro ɗin ba su zuwa ɗaya-ɗaya, a kan babura suke zuwa da yawansu da manyan bindigogi, kai ko kana cikin mota da mace da yara biyu, ka tashi daga barci cikin duhu hannunka na rawa. Harbi ɗaya ka yi ka mai da fashi ya koma kisa, kuma jikin Hiace ba ya tare harsashi, gwangwani ne kawai. Ga yara masu bincike, ba inda hannunsu ba ya kaiwa a cikin ƙaramar mota.

Turawan da kake gani a bidiyo ƙasarsu daban, dokarsu daban, galibi ma a filayen da aka tanada don irin motocin nan suke kwana, da mai gadi da ruwa da wuta. Mu nan abin da ke tsare matafiyi shi ne mutane. Tun zamanin fatake ayari ba ya sauka a tsakiyar dawa haka kawai, zango ake nema, kusa da rijiya, kusa da gari, madugu ya je ya gai da mai gari. Wannan ɗabi'ar har yau ita ce ta fi komai aiki. Saboda haka in ka tashi daga Maradi ka yi sammako, tsakaninka da Dakoro kusan kilomita 120 ne, ka isa da rana tsaka ka shiga wurin jandarmomi ka gaya musu ga ni ga iyalina ga inda za mu ga ranar da za mu dawo, ka tambaye su yadda hanya take a wannan makon, ba yadda take bara ba. In suka ce kar ka wuce to kar ka wuce, ko da yara za su yi kuka. In ka isa gandun ka nemi ma'aikatan gandun daji, su ne suka san inda dabbobin suke, su ne kuma za su nuna maka inda za ka kafa zango, ka roƙa ya zama kusa da mazauninsu.

In kuma dare zai same ka a wani ƙauye, tun la'asar ka tsaya, kar ka bari sai magariba. Ka nemi ƙofar mai gari ko liman ka yi sallama ka ba da ɗan goro ko sukari da ganyen shayi ka ce baƙo ne kai da iyali kuna neman inda za ku ajiye mota zuwa safe. Ban san Bahaushe ko Bafillace ko Buzun da zai kori mai wannan magana ba. Daga lokacin nan ka zama baƙon gari, mutuncinsu ya rataya a kanka, kuma su ne suka san baƙuwar fuska da baƙon babur in ya gitta. Motar da aka gani an ɓoye a bayan tudu ba fitila ba sallama, ita ce mutanen gari da kansu za su yi zargi, wataƙila ma su kira hukuma ko matasa su zo da sanduna, ka ga ka jawo wa kanka abin da kake gudu. Manzon Allah (SAW) ya hana mu tafiyar dare mutum shi kaɗai, ya kuma ce in za a sauka da dare a kauce wa kan hanya don nan ne mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. Don haka in da hali ma ku tafi mota biyu, kai da wani amininka da iyalinsa.

Akwai kuma wuraren da ko da rana ba na so in ji ka je yawon shaƙatawa. Kudancin jiharmu, ɓangaren Madarunfa da Gabi da dajin Baban Rafi da wasu ƙauyukan Gidan Runji da ke bakin iyaka, kowa ya san yadda satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suka addabi jama'a, a 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sokoto da Katsina nan suka kwararo. Kuma kar mu manta a Kure, wurin raƙuman dawa da ake ganin lafiya lau ne, ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2. Ba don in karya maka gwiwa na kawo wannan ba, so nake ka gane labarin wuri yana canzawa, shi ya sa tambayar hukuma da direbobin tasha a ranar tafiya ba ta da madadi. Ingal kuwa in lokacin ya yi ka bi ayarin masu zuwa biki, kar ka ware.

Yanzu yadda za ka kwana. Ka juya gaban mota ya kalli hanyar fita, kar ka sa ta inda sai ka yi baya ko inda yashi zai riƙe taya. Makulli a wuri ɗaya kullum inda hannunka zai kai cikin duhu, kujerar direba ba kaya a kanta, tabarma da tukunya da buta duk a shigar da su kafin barci, yadda in wani abu ya taso za ka zauna ka tayar ka tafi ba tare da ka buɗe ƙofa ba. In aka ƙwanƙwasa da dare kar ka fita, ka yi magana ta ɗan buɗin gilashi, in ba ka gamsu ba ka kunna fitilu ka danna oda ba ƙaƙƙautawa, a kusa da gari wannan ya fi sanda amfani. Kar a sa hotunan inda kuke a Facebook ko a sitatus na WhatsApp sai kun dawo gida, na san uwargida za ta so nuna wa ƙawaye amma ta yi haƙuri. Kuɗi kaɗan a aljihu, sauran ka bar su a kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Amana ka karɓa a gari. Ka riƙe layi biyu, misali Airtel da Moov ko Zamani, don rezo ba ya kai ko'ina, ka kuma bar wa ƙaninka a Maradi lambar mota da hanyar da za ka bi da lokacin da in bai ji ka ba zai je ya sanar. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18, amma a daji lambar jandarman da ka gaisa da shi a Dakoro ita za ta fi saurin amfani, ka karɓe ta.

In kuma Allah ya ƙaddara aka tare ku da makami, hannu a fili, murya ƙasa, ka ba da waya da kuɗi da makullin motar ma in sun nema, kar ka ƙura wa kowa ido kar ka yi gardama. Hiace ana sake saye. Ka zauna da maiɗakinka tun a gida ku yi wannan magana, ta san ita ce za ta rungume yara ta hana su ihu ko gudu.

Tambaya:

Malam barka da aiki. Mijina direba ne yana kai kaya Agadas wani lokaci har Arlit, kuma yanzu ɗanmu na fari ya fara bin shi. Kullum tsorona ɓarayi ne amma shi sai ya ce mini ba ɓarawo ke kashe direba a can ba. Mi yake nufi, kuma mi ya kamata in tabbatar sun ɗauka?

Daga wata uwa, Tibiri

Amsa:

Hajiya, maigidanki ƙishirwa yake nufi, kuma gaskiya ya gaya miki. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga Kance ta jihar Damagaram, ba wanda ya harbe su, motocinsu ne suka lalace ruwa ya ƙare. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abin da za ki sa wa ido shi ne ruwa kafin komai, jarkoki daban na sha waɗanda ba a taɓawa don wanki ko zuba wa mota, a shawarata kowane mutum a yi mishi lissafin lita 6 a rana a kuma ƙara na kwana uku bisa kwanakin tafiyar. Sai mai na ajiya, taya biyu, jak, shebur, igiyar ja, tocila, gishiri da sukari na haɗa ruwan da ke mai da ƙarfi, da garin kwaki ko dabino da ba sa lalacewa. Ki kuma ja wa yaron kunne a kan abu ɗaya, in mota ta mutu a sahara ba a barinta a kama tafiyar ƙasa neman rijiya, a yi inuwa a jikinta a zauna da rana, don mai nema yana hango mota daga nesa amma mutum ɗaya a cikin yashi ba ya ganuwa. In sun shimfiɗa a ƙasa da dare su kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama da kububuwa, in maciji ya sari mutum ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaurin tamau, a hana gaɓar motsi a nufi likita mafi kusa. Da damina kuma kar su sauka a cikin ƙorama ko da ta bushe ƙarau, ruwan da aka yi a nesa kan duwatsu yana iya isowa da tsakar dare ba ko ɗigo a inda suke. Allah ya kai su lafiya ya dawo miki da su lafiya, ya shirya yaron.

Tambaya:

Malam in sanyi ya yi tsanani mukan shigar da kaskon gawayi cikin mota mu rufe gilashi mu kwanta, wani lokaci mu bar injin na aiki. Wani ya ce haɗari ne, da gaske?

Daga wani yaron mota, tashar Dakoro

Amsa:

Ƙanena da gaske ne, ku daina daga yau don Allah. Gawayi da injin mota da murhun gas duk suna fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta kama wurin iskar da jiki ke buƙata. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin komai, da safe sai dai a buɗe mota a tarar da shi. Ku sha ɗuminku a waje ku kashe wutar, ku shiga da bargo biyu da hula da safa, gilashi a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa biyu. In ka tarar da abokinka ya galabaita a motar da aka rufe, fito da shi sarari nan take ku kai shi likita ko da ya farfaɗo ya ce ya warke. Ka gaya wa maigidanka da sauran yaran tasha, shi ma mai Hiace na sama wannan ta shafe shi, girki a waje, tukunyar gas kuma a rufe ta da kyau kafin a kwanta.