Hoton ɗana da ɗan zaki a Ɗa'ifa: shiga gidan zu haramun ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mazauniyar Makka ce, a nan na haifi 'ya'yana duka. Da zafi ya tsananta lokacin hutun makaranta, maigida ya ɗauke mu zuwa Ɗa'ifa mu sha iska, muka shiga wani ɗan ƙaramin gidan zu. Akwai bareyi, jimina, birai, kura guda da zakuna biyu. A bakin ƙofa an rubuta cewa kuɗin shiga na taimakawa wajen kare namun daji daga ƙarewa. A ciki wani ma'aikaci yana riƙe da ɗan zaki, bai fi girman mage ba, ana biyan riyal 20 a rungume shi a ɗauki hoto. Autana ya yi ta kuka sai da na biya. Ɗan zakin ko motsi ba ya yi, sai barci, ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Da muka dawo, wan mijina ya ga hoton a waya, ya ce gidan zu kurkuku ne, shigarsa haramun, kuɗin da muka biya haramun, ya kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage. A gaban yarana ya faɗa. Na mayar masa da magana, tun ranar ba mu gaisa ba. Malam, shigar haramun ce? Kuma kuɗinmu ya zama sadaka, tunda na kare dabbobi ne?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya raya miki zuriya, 'yar'uwa.

Shiga gidan zu don kallo halal ne a asalinsa, kuɗin ƙofa ma halal ne. Sai dai akwai magana guda a wasiƙarki da kika wuce ta da sauri, alhali a kanta hukunci ya juya: ɗan zakin nan mai girman mage, wanda ake miƙawa hannu zuwa hannu. Ina uwarsa? Zakanya tana shayar da ɗanta wata shida zuwa bakwai, kuma yakan zauna a jikinta har ya doshi shekara biyu. Wanda ya kwanta lamo a hannun yaro ɗan shekara biyar, tun yana jinjiri aka raba shi da ita don ya saba da hannun mutane. Kada ki rantse cewa an ɗura masa maganin barci, don jariran dabbobi dama masu barci ne. Rabuwar da yinin da yake yi a hannun baƙi sun isa.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa suna cikin tafiya da Manzon Allah (SAW), sai suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Tsuntsuwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi ya dawo ya ce: wa ya tayar wa wannan hankali a kan 'ya'yanta? Ku mayar mata da 'ya'yanta. Sahabban ba yanka su suka yi ba, ba su kuma bar su da yunwa ba, ɗaukewa kawai suka yi, duk da haka aka ce su mayar. To raba jariri da uwarsa don neman kuɗin hoto bai halatta ba, biyan kuɗin kuma taimakawa ne a kan abin da bai halatta ba. Ki ƙara da wannan: bayan 'yan watanni ɗan zakin zai yi farce da haƙori, ba mai sake ba yaro shi. Sai a nemi sabo, ko a sake sa uwar ta haihu, ko a saya daga masu fasa-ƙwauri. Wanda ya girma kuma ya ƙare a ƙuntataccen keji ko a bayan gidan wani mai kuɗi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da babu masu miƙa riyal 20, da sana'ar ta mutu.

Ke ba ki san haka ba a lokacin, kukan yaro ne ya ja ki. Babu kaffara a kanki. Ki yi istigfari, kada ki sake, kuma kada ki ɗora hoton a Facebook ko a tura shi zaurukan WhatsApp na 'yan'uwa, don talla ce kyauta ga mai sana'ar.

Yanzu maganar wan mijinki. Ba daga kansa ya ƙago ta ba, gara ki san wannan. Ibnu Aƙil, babban malamin Hambaliyya, ya hana tsare tsuntsaye a keji don jin daɗin kukansu, ya ɗauke shi wauta da shagala, kuma wasu na zamaninmu sun faɗaɗa maganar har ta haɗa kowane gidan zu. Ina girmama wannan ra'ayi saboda tausayin da ke cikinsa, amma hujja ba ta tare da shi.

Hadisin mage da ya kawo, ƙarshensa ne ke bayyana farkonsa. Annabi ya ce matar ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba lokacin da ta tsare ta, kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Da tsarewar ce kaɗai laifi, me ya kawo ambaton ci da sha? Daga wannan hadisin ne ma malamai suka ciro halaccin ajiye mage da makamantanta matuƙar ana ba su haƙƙinsu. Inda hadisin ya sauka daidai shi ne irin abin da duniya ta gani a watan Janairun 2020 a wani lambu a Khartum, zakuna sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ɗaya ta mutu kafin agaji ya iso. Wannan shi ne aikin mai mage. Ba kowane keji ne haka ba.

Sannan ga ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umairu, da ɗan tsuntsunsa. A Madina yake, a gidan da Annabi ke yawan shiga, kuma Annabi yana sane da tsuntsun har yana tsokanar yaron a kansa bayan tsuntsun ya mutu. Bai taɓa cewa a sake shi ba. Hafizu Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa Ibnul Ƙass ya fitar da fa'idoji sittin daga wannan hadisi, cikinsu akwai halaccin riƙe tsuntsu da kashe kuɗi a kan halastaccen abin da ke faranta wa yaro. Raƙumin da ya yi wa Annabi ƙorafi yana hawaye ma, an ce wa mai shi ya ji tsoron Allah saboda yana barinsa da yunwa yana kuma wahalar da shi da aiki. Ba a ce ya kore shi jeji ba. Shahon farauta da kike gani a hannun Larabawan ƙasar nan, dabbar daji ce da aka kama aka ɗaure, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun masu farauta suka kamo.

Idan ya ce waɗancan duk don amfani ne, gidan zu kuwa don kallo ne kawai, to tsuntsun Abu Umairu wane amfani yake yi banda wasa? Kuma wa ya ce kallo ba amfani ba ne, bayan Alƙur'ani ya umarce mu da duba yadda aka halicci raƙumi? 'Ya'yanki a cikin siminti da kwalta suka tashi. Kakanninsu a ƙasar Hausa sun san kukan kura da dare, su kuwa sai a waya. Yaron da ya tsaya gaban jimina ya ga tsawonta da idonsa, idan aka ce masa ya yi tasbihi ya san abin da yake yi wa tasbihin. Idan kuma ya ce a buɗe kejin a sake su, sai a tambaye shi, a sake su ina? Zakin da aka haifa a keji bai iya farauta ba, kuma babu sauran dajin zaki a Jazirar Larabawa. Sakinsa kisa ne, gare shi ko ga makiyayin da zai fara haɗuwa da shi.

Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne labarin mariri, farar dabbar nan mai miƙaƙƙun ƙahoni da Larabawa ke kira maha. Farauta da mota da bindiga ta cinye ta, har aka kashe ta ƙarshe a daji a Oman a 1972. Shekara goma kafin nan, a 1962, wasu masu hangen nesa sun kama 'yan kaɗan a gabashin Yaman ta yau, uku suka rayu. Aka kai su gidan zu na birnin Phoenix a Amurka, wanda a lokacin sabo ne fil, Sarki Sa'ud ya ba da huɗu daga garkensa, aka samo wasu daga Kuwait da Landan. Daga ire-iren waɗannan garken da ke tsare aka mayar da mariri daji: Oman a 1982, sannan nan Saudiyya a Mahazat as-Said, gabas da Ɗa'ifa, a 1990, da Uruƙ Bani Ma'arid a bakin hamadar Rub'ul Khali a 1995. Da fatawar wan mijinki aka bi a 1962, da yau babu mariri a bayan ƙasa, kamar yadda jiminar Larabawa ta ƙare ƙaf a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Allah ya zargi mai halaka shuka da zuriyar dabbobi a Suratul Baƙara, to tsare dabba don kada zuriyarta ta yanke yana cikin gyara.

Akwai wani abu a labarin da ya shafi ɗan zakinki kai tsaye. A 1986 aka kawo mariri 57 daga gonar Sarki Khalid ta Sumama zuwa sabuwar cibiyar binciken namun daji a Ɗa'ifa, sai tarin fuka ya ɓulla a cikinsu. Likitoci suka riƙa raba jarirai da uwayensu suna shayar da su da hannu don kada cutar ta bi su. Wannan rabuwa ce ta lalura, shari'a ta yarda da ita, don rai ake ceto. Hoton waya ba lalura ba ne.

Daga nan kike da amsar tambayarki ta biyu. Rubutun bakin ƙofa da'awa ce, da'awa kuma sai da shaida. Masu kiwon dabba don mayar da ita daji ƙoƙarinsu kada ta saba da mutum, haka ake yi wa damisar Larabawa da ake kiwo a Ɗa'ifa, wadda ba ta kai 200 ba a daji. Mai saka ɗan zaki a cinyar yara kishiyar haka yake yi. Ƙanƙantar wuri ba aibi ba ce. Ƙaramin gidan zu da ke karɓar dabbar da ta ji rauni ko wadda hukuma ta ƙwace, yana da inuwa da ruwa a wannan zafin namu, da likitan dabbobi, da filin da dabba za ta juya ta ɓuya idan ta gaji da ido, yana aikin alheri ko da dabbobinsa goma ne. Kuɗin ƙofa dai ladan shiga ne, ciniki ne halal, ba ya zama sadaka don an rubuta haka a allo. In kina son ladan ciyar da dabba, ƙofa a buɗe take, cikin kowace hanta mai rai akwai lada, amma ki bayar inda kika tabbata abinci zai isa bakin dabbar. Zakka kam ba ta shiga nan, babu saɓani.

Komawa wannan wurin musamman, ina ganin ku bari har su daina abin hoton. Ƙasar nan tana da hukumar kula da namun daji ta ƙasa, tana karɓar ƙorafi. Idan maigida ko wani naku da takardunsa suke daidai zai iya sanar da su ba tare da ya jawo wa gidanku fitina ba, ya yi. In akwai fargaba, ya sauka daga kanku.

In kuna bin hanyar Hada, wadda ke hawa dutse daga Makka zuwa Ɗa'ifa, ki hana yara jefa wa gwaggon biri biskit da ayaba ta tagar mota. Ciyarwar nan ce ta sa suka baro duwatsu suka cika bakin titi, suna fizge jaka, suna cizo, mota na take su. Kuma idan yara sun matsa a sayo musu ɗan tsuntsun daji ko 'yar barewa a dawo da ita gida, ki tuna a cikin Harami kuke. Malikiyya da Shafi'iyya sun halatta shigo da wanda aka mallaka daga waje, Hanafiyya da Hambaliyya sun ce dole a sake shi. Barin sayen ya fi sauƙi.

Sai zumunci, wanda ya fi damuna fiye da zakin. Wan mijinki ya yi kuskure a hukunci, ya kuma yi kuskure da ya faɗa a gaban yaranki. Amma zuciyarsa ta hango wani abu a hoton nan da ke ba ki hango ba, kuma ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Ƙauracewa fiye da kwana uku kin san hukuncinta. Kada ki tura masa wannan amsa da nufin kin yi nasara, hakan zai ƙara rura wuta. Ki sa maigida ya raka ki, ki gaishe shi, ki ce: Yaya, maganar ɗan zakin nan ka fi ni gaskiya, a yi haƙuri da abin da na faɗa. Ragowar mas'alar ki bar wa maza su tattauna, in ya nemi hujja mijinki ya nuna masa. Autanki kuma kada a dame shi da cewa ya yi zunubi, alƙalami bai hau kansa ba. In ya tambayi dalilin da ba za a koma ba, ki ce masa ɗan zakin yana son ya kwana wurin mamarsa.

Allah ne mafi sani.