Kwamfutar tebur mai mutuwa ta tashi da kanta: amsoshin wasiƙunku

Tun da hunturu ya kama, wasiƙun da ke shigo mini kusan kuka ɗaya suke yi: ana tsakiyar aiki kwamfuta ta ɗauke ɗif, sai kuma ga ta ta tashi kamar ba ita ba. Na tsamo guda shida. Masu tambaya a kan waya da laftof ku yi haƙuri sai wani makon.

"Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada, wajen Poly. Kwamfutata lafiya lau take, amma da zarar yaro ya kunna injin fotokwafi ko na tura aiki firinta, sai ta mutu ta tashi. Wani ya ce mini bairos ne." Mai shago, Tudun Wada

Malam, bairos bai san lokacin da yaronka ke danna fotokwafi ba. Wuta ce. Fotokwafi da firinta mai hoda suna da wani ƙarfe a ciki da ke gasa hodar a jikin takarda, kuma lokacin da yake ɗaukar zafi yana zuƙar ninkin ba ninkin abin da kwamfutarka ke sha. Kai ma ka sha ganin ƙwan fitila ya yi ƙasa a daidai lokacin, ko janareto ya canza kuka. To akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, ɗan abin da yake iya riƙewa idan wuta ta faɗi kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa. In faɗuwar ta fi haka, shi ke nan. Tashin da take yi kuma ba abin al'ajabi ba ne, an saita kwamfutoci da yawa a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, su kunna kansu da zarar wuta ta dawo.

Ka raba musu soket. Kada kwamfuta ta zauna a kan jona wuta ɗaya da fotokwafi, musamman irin jonar nan mai siririyar waya da bakinta ya riga ya yi baƙi. Ka saya mata UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ka ɗora kwamfutar da allon kallo kawai a kai. Firinta mai hoda ba ta hawa UPS, in ka ɗora ta za ka kashe shi cikin ɗan lokaci. Kuma sitabilaiza ba UPS ba ce: tana daidaita wutar da ta yi sama ko ƙasa, amma ba ta da batir, in an ɗauke wuta ita ma ta tafi. Masu UPS da ya haura shekara biyu zuwa uku ku gwada shi: ku rufe duk aikinku, ku zare shi daga bango. In kwamfuta ta mutu nan take, batirin ya gama yawo, akwati kawai kuke ajiye.

"Baba, ina ajin ƙarshe, kuma duk furojet ɗina yana cikin kwamfutar yayana. Tana yin kamar rabin awa sai fanka ta riƙa ƙugi, sai ta mutu ta tashi. Jiya sau huɗu. Wallahi ban iya barci ba, saura mako uku in miƙa." Wata ɗaliba, Unguwar Dosa

'Yata, kwantar da hankalinki. Yadda kika kwatanta ɗin nan, aikinki yana nan, ba abin da ya same shi. Amma kafin ki karanta sauran amsar, tashi ki kunna ta da sanyin safiya, ki kwafe furojet ɗin a filash, ki kuma tura wa kanki ta imel. Minti biyar ne. Sannan ki dawo.

Zafi ne ke damun ta. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, tana da ma'aunin zafi a jikinta, in ya doshi digiri 100 sai ta katse kanta don kada ta ƙone. Kare kanta take yi. Ƙugin fankar nan kuwa ƙoƙari take ta hura iska ta cikin haƙoran ƙarfen da ƙura ta toshe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kin san yadda ake share ɗaki da safe, kafin azahar an iya rubuta suna a kan tebur. Ita kwamfuta zuƙar iskar take yi wuni guda, balle a ce tana ajiye a ƙasa kan kafet. Na taɓa buɗe wata na tarar da ƙura ta yi kamar bargo, har da gidan gizo-gizo.

Ki sa yayanki ya zare wayar wuta daga bango, ya kwance murfin gefe, ya fitar da ita tsakar gida, ya hure ta da bulowa. Ya tare fanka da yatsa ko tsinke lokacin hurawa, don kada iska ta juya ta fiye da kima. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hurawa da baki. In an mayar ta ci gaba, to man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa ne ya bushe. Mai gyara zai goge tsohon ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, aikin da bai kai kuɗin Keke daga unguwarku zuwa Kasuwar Gumi sau 'yan kaɗan ba. In wani ya ce miki sai an canza bod, wato babban faifan da duk kayan ciki ke haɗe a kansa, tun bai hure ƙura ba, ki ɗauki kayanki ki yi gaba. A ɗora ta kan tebur, a bar mata tazara da bango. Allah ya ba da sa'a, ki rubuto mini in kin kare.

"An yi wa kwamfutata fomatin sau uku a wata biyu, har yanzu tana yi. In sake yin na huɗu?" Wani matashi, Kawo

A'a. Mutum na ciwon haƙori kana ta yi masa aski. Da Windows ce matsalar, da na farkon ya isa. Gwaji mai sauƙi: kana kunna ta ka shiga BIOS, a Dell da F2, a HP da F10, ka bar ta a nan awa guda. A wurin Windows ba ta ma tashi ba. In ta mutu a nan, ƙarfe ne ko wuta, ka daina biyan kuɗin fomatin. Ka kuma duba maɓallin riset idan akwatinka na da shi, yakan maƙale.

"Na haɗa wa yarona kwamfuta, ya matsa sai da na ƙara masa katin hoto don wasan ƙwallo. Mai shago ya ce sai an canza fawa fak, ya ba ni sabo fil a kwali, an rubuta wat 650, kuma da sauƙin kuɗi sosai. Yanzu in ana rubutu lafiya, da an fara wasa sai ta mutu ta tashi. Katin ne jabu?" Wani Alhaji, Unguwar Rimi

Alhaji, ranka ya daɗe, katin nan ina jin ba shi da laifi. Abin da ka saya da sauƙin kuɗi shi nake tuhuma, kuma ka yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina a kan wannan.

Mutanenmu in za su sayi kwamfuta, tambaya uku ce: Core nawa ce, ram nawa, had dis nawa. Wani ma har da fitilu masu launi a jikin akwati. Ba wanda ke tambayar fawa fak, alhali duk abin da ke cikin akwatin nan daga hannunsa yake cin abinci. Shi ke karɓar wutar bango mai bolt 230, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Furosesa da katin hoto, manyan maciya, daga layin bolt 12 suke sha. Lokacin rubutu katin barci yake yi. Da an fara wasa sai ya farka ya nemi haƙƙinsa, fak ɗin ya kasa, wuta ta faɗi, kwamfuta ta mutu. Da ta mutu nauyi ya sauka, sai ta tashi. Labarin ke nan.

Lambar 650 ɗin da ka gani a kwali, buga ta aka yi, kuma takarda ba ta gardama. Ka leƙa jikin fak ɗin, akwai ɗan jadawali. Nemo inda aka rubuta +12V, ka ga lambar da ke ƙarƙashinsa mai harafin A, ka ninka ta da 12. In ka ga 16A, to wat 192 ke nan, nan ne gaskiyar ƙarfinsa, in ma ba a yi ƙarya a nan ɗin ba. Fak na kirki mai wat 650, kusan duk ƙarfinsa a layin 12 yake, za ka ga lambar ta kai hamsin ko kusa. Sannan ka ɗaga shi a hannu. Na gaske yana da nauyi saboda tagulla da ƙarfen sanyayawa da ke ciki. Jabu kuwa kamar gwangwanin madara da aka shanye, wayoyinsa sirara. Ko da yake nauyin ma ba shaida ba ce cikakkiya, don masu ha'inci sun san muna ɗagawa. Haka tambarin 80 Plus, wanda asalinsa shaida ce ta cewa fak ba ya ɓarnar wuta, yanzu kowa na iya manna shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, fak na kirki in ya ga wuta ta yi hauka yakan katse kansa ya tsare sauran kaya. Jabu an cire masa waɗannan matsaran don a rage kuɗi, saboda haka in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Ni ma an taɓa yi mini. Shekarun baya na ga araha a wani shago, na ce ai duk wuta ce. Wata biyu, ranar wani hadari da aka yi ta kawo wuta ana ɗaukewa, na ji ƙara fat, sai warin ƙonewa. Bod ya tafi, had dis ya tafi da takardun mutane. Abin da na rage a saye, sai da na biya ninkinsa wajen goma, ga kunyar masu takardu. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, ni dai na yi kamar ban sani ba.

Kuma wai "sabo fil". Wallahi fak na hannu da aka ciro daga tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP, mai wat 240 na gaskiya, ya fi sabon jabu mai 650 amana, sai dai shi ba zai ɗauki babban katin hoto ba, kuma da yawansu bakin wayarsu na kamfaninsu ne kaɗai, ba ya shiga kowane bod. Don haka kada a yanka waya a yi masa dabara. Masu sayen tsofaffin da aka kawo daga Amurka kuma ku duba bayansu: wasu na da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. In yana kan 115 ka jona a wutarmu, ko sallama ba zai yi ba.

Abin yi, Alhaji: a duba wat nawa kamfanin katin ya ce a yi amfani da shi, a sayi fak mai sunan da aka sani irin su Seasonic ko Corsair ko Cooler Master, a wurin wanda zai ba ka rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce. Su ma ana yin jabunsu, saboda haka in kuɗin ya yi ƙasa da na sauran shaguna da nisa, tambayi kanka dalili. A sa shi a shagon, a kunna wasan a gabanka rabin awa kafin ka biya. In kuɗin bai kai ba yanzu, a cire katin a ajiye, yaro ya yi karatu. Kada kuma a ci gaba da gwadawa da wannan da ke ciki, kowace mutuwa caca ce da bod ɗinka. Yaron kuma ka ja masa kunne kada ya kwance fak ya ce zai gyara, akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare shi daga bango.

"Tawa shuɗin allo take nunawa da rubutu, kafin in karanta ta tashi. Abin ya fara ne bayan mun yi ƙaura." Wata malamar makaranta, Barnawa

Malama, kin taimake ni da kika ambaci ƙaura. Girgizar mota takan sassauta ram, wato siririn katin nan da ke soke a jikin bod, wanda ke riƙe aikin da kwamfuta ke kan yi. A zare wuta, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu tukuna, a ciro ram ɗin, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da abin goge fensir a hankali, a mayar har ya ce ƙas ta gefe biyu. In guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Windows ma tana da abin gwada shi: danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched. Don ki samu karanta rubutun kuwa, a nan ɗin dai rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sannan Startup and Recovery, ki cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan shuɗin allon zai tsaya, ki ɗauke shi hoto da waya ki nuna wa mai gyara. In ya buɗe Event Viewer, wato inda Windows ke rubuta abin da ya faru da ita, ya nuna miki Kernel-Power 41 ya ce ga cutar, kada ki yarda: wannan lambar cewa kawai take kwamfuta ta mutu ba shiri, ba ta faɗin dalili. Tunda an buɗe akwatin, a duba bod ko akwai 'yan gwangwanayen nan da kansu ya kumbura.

"Tawa da dare kawai take yi, in na bar ta a kunne, da safe in tarar duk ta rufe aikina. Maƙwabcina ya ce a yi mata hayaƙi." Wani bawan Allah, Rigasa

Hayaƙi zai ƙara mata datti ne kawai. Windows ce ke sabunta kanta idan ta ga ba kowa. Shiga Windows Update ka saita mata awannin aikinka, ka kuma riƙa adana aiki kafin ka kwanta. Wa ma ya ce ka bar kwamfuta a kunne har safe da wannan kuɗin wutar?