Aron yaro don ƙarin kuɗin haraji a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Bronx nake zaune, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, albashin bai taka kara ya karya ba. Mai cike mana takardun haraji ya ce in saka ɗan ƙanwata da ke wurin uwarsa a Newark, kuɗin EITC ɗina (rangwamen harajin da gwamnati ke ba ma'aikata masu ƙaramin albashi) ya ƙaru, shi ma ya ɗauki kasonsa. Maƙwabciyata ta yi haka bara, ga shi hukumar haraji ta IRS ta aiko mata wasiƙa. Gabana sai faɗuwa yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki kuskura. Ɗan ƙanwa yana cikin dangin da doka ta yarda da su, amma sai ya zauna gida ɗaya da ke fiye da rabin shekara. Yaron da ke kwana a Newark bai cika sharaɗin ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar da nake ji kullum daga Janairu zuwa Afrilu: "Ai mai cikewa ne ya rubuta, laifinsa ne." Wa ya gaya muku? Sunanki da sa hannunki ne a takardar. Da yawan masu cikewar ba sa ma rubuta sunansu, balle lambar PTIN da doka ta wajabta wa duk mai cikewa don a biya shi, sai takardar ta fito kamar ke kika cike da kanki. Afrilu na wucewa ya kulle shago, waya a kashe. Ke za a bi ki mayar da kuɗin, har da ruwa da tara. In an ga ganganci ne, a hana ki EITC shekara 2, in zamba ce shekara 10. Ranar da kika je neman zama 'yar ƙasa ma maganar na iya tasowa.

Ga shi kuma mu aka fi sa wa ido. Wani binciken masanan Jami'ar Stanford a 2023 ya nuna ana bin diddigin harajin baƙar fata kusan ninki 3 zuwa 5 na sauran jama'a, galibi ta kan EITC ɗin nan, IRS kuma ta amsa akwai bambancin. Zalunci ne, yana kuma ci mini tuwo a ƙwarya. Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ki nemi cibiyar VITA mafi kusa, wato ta masu aikin sa kai da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da takardun haraji, a cike miki kyauta. Maƙwabciyarki kuwa ta amsa wasiƙar kafin wa'adin da ke jiki ya cika, kada ta cusa ta ƙarƙashin katifa.