Tambaya da Amsa: Ansaru a Dazukan Birnin Gwari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ana cewa Ansaru daban, 'yan bindiga daban. Ni dai duk masu bindiga a daji nake gani. Ina bambancin?
— Mai karatu daga Rigasa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan bindiga kuɗin fansa da shanu yake nema. Ansaru kuwa ƙungiya ce mai aƙida, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a farkon 2012 tana zargin Shekau da zubar da jinin Musulmi, ta kuma jingina da Alƙa'ida. Da aka kama shugabanta Khalid al-Barnawi a Lokoja a 2016 sai ta yi lamo, har Janairun 2020 da ta ɗauki alhakin harin ayarin Sarkin Potiskum a hanyar Kaduna zuwa Zariya.

'Yan Ansaru ba da harbi suke shiga gari ba, nan ne haɗarinsu yake. Da wa'azi suke farawa, su yi rabon kyauta da sallah, su yi wa manoma alkawarin tsare su daga ɓarayin daji, sannan su nemi auren 'ya'yan gari. Wanda ya shekara biyu bai taka gonarsa ba, da wuya ya tsaya bincikar wanda ya buɗe masa hanya. Daga baya ake ganin dokokinsu. A yankin Damari da ke Birnin Gwari a 2022 har harkar siyasa suka hana.

Tambaya: Kullum jirage na ruwan bama-bamai. Me ya hana a gama da su?
— Wata malamar makaranta, Kawo

Amsa: Malama, jirgi yana tarwatsa sansani, amma ba ya zama a gari. A Fabrairun 2020 'yan sanda sun afka wa sansaninsu a dajin Kuduru, bayan shekara biyu ga su a Damari. Dazukan nan sun haɗe da na Neja da Zamfara da Katsina. A matsa musu nan, su hau babura su ɓulla can. Jami'ai na janyewa sai su dawo, kuma wanda suke zargi da kai rahoto shi suke fara nema. Shi ya sa bakin mutane ke mutuwa.

Wasu matakan ma talaka suka fi ƙuntata wa. Katse layukan waya a 2021 ya hana ƙauyawa kiran agaji. Kuskuren jirgi maras matuƙi a Tudun Biri, ranar 3 ga Disamban 2023, ya hallaka masu Mauludi da dama, kuma irin wannan ne masu wa'azin daji ke kafa hujja da shi.

A ganinmu, bayanan sirri sun fi bam tasiri: ta haka aka kama shugaban Ansaru Abu Bara'a da mataimakinsa Malam Mamuda, kamar yadda mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Nuhu Ribadu ya sanar a Agustan 2025. Sulhun da Gwamna Uba Sani na Kaduna ya ƙulla a ƙarshen 2024, wanda ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, da 'yan bindiga aka yi shi. Mai neman kafa daula ba kasuwar shanu ce damuwarsa ba.