Me ya sa mutanen da nake zanawa a bakin teku suke fitowa kamar an manna su?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama. Ka ce kana zana mutane a bakin teku da fentin mai, ruwan yana fitowa da kyau, mutumin ma shi kaɗai ba laifi, amma da an haɗa su sai ya zama kamar an yanko shi da almakashi an liƙa. Ka kuma tambaya ko laifin hoton waya ne da kake kwaikwaya. Na daɗe ina fama da wannan ciwon, don haka ga abin da na gano, ka ɗauki wanda ya yi maka.

Na duba zanen da ka ɗora, hannunka ya faɗa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Tekunka da mutuminka ne ba su sha rana ɗaya ba. Ina kyautata zaton sai da ka gama sama da ruwa, ka wanke burushi tas, sannan ka haɗa launin fata a gefe ka ɗora. Haka nake yi a da. Alhali wanda ke tsaye a gaɓa haske uku ne ke dukansa a lokaci guda: rana daga gefe ɗaya, shuɗin sama daga bisa, sai kuma yashi da ke maido da haske mai ɗumi daga ƙasa.

Ranar da abin ya shiga kaina, wani masunci ne ya sunkuya yana jan igiya, ruwa iya gwiwarsa. Mutum ne baƙi wuluk, jikinsa jiƙe sharkaf. Na ƙura masa ido ina neman launin ƙasa-ƙasan da na riga na haɗa, wallahi sai a ɗan wuri kaɗan na same shi, wajen haƙarƙari. Kafaɗunsa da gadon bayansa shuɗi ne mai sirkin shunayya, domin jiƙaƙƙiyar fata madubi ce, sama take nunawa. Ƙasan haɓarsa kuwa da cikin damtsensa kore-kore ne, hasken ruwan da yake tsaye a ciki. Da ya fito kan busasshen yashi, wuraren nan suka koma ruwan goro. Tun daga ranar, shuɗin da na yi sama da shi, shi nake ɗiba in taɓa kafaɗa da goshi, launin yashin kuma in kai shi ƙarƙashin haɓa. Kuma ban ƙara gama bango, wato sama da ruwan da ke bayansa, kafin mutum ba, tare nake tashin su, fentin yana ɗanye, gefen jiki yana ɗan shiga cikin ruwan a wasu wurare.

In kana son ganin gwanin wannan, nemi ayyukan Joaquín Sorolla na Sifaniya, wanda ya rasu a 1923. A gaɓar Valencia yake kafa allonsa. Akwai zanensa na 1909 na matarsa da 'yarsa suna tafiya a bakin ruwa cikin fararen kaya. Ka buɗe shi ka matso da shi sosai, ka nemi fari zalla a rigunan nan. Kaɗan za ka samu, sauran shuɗi ne, shunayya, rawaya da ruwan toka, amma da ka ja baya sai idonka ya ce fari ne fat.

Abu na biyu ƙafafu. Naka mutumin shawagi yake yi saboda ka zana tafin ƙafarsa gaba ɗaya a kan yashi kamar a kan siminti. Ƙafa nutsewa take yi, dunduniya ta ɓace, yashi ya ɗan taru a gefe. Kuma a jiƙaƙƙen yashi abu biyu ne ke fita daga ƙafar mutum, mutane da yawa suna cakuɗa su. Akwai inuwa, wadda ke gudun rana, duk inda ranar take ita tana ɗaya ɓangaren. Akwai kuma surarsa da danshin ke maidowa, wadda kullum miƙewa take yi ƙasa sak, ta nufo mai kallo. Kai kuwa guda ɗaya kawai ka yi, inuwar, ka kuma yi ta da baƙi. Inuwar bakin teku ba baƙa ba ce, sama na zuba mata shuɗi.

Sai layin da sama ta haɗu da ruwa. Wannan layin daidai idonka yake koyaushe. In a tsaye kake a shimfiɗaɗɗen wuri, duk mai tsayinka kansa zai zo wajen layin, na kusa da na nesa, ƙafafunsu ne kawai ke hawa sama yayin da suke nisa. In a zaune kake, layin zai ratsa su wajen ƙugu. Gaɓa takan gangara, saboda haka na bakin ruwa za su ɗan yi ƙasa. A zanenka yaron da ke can nesa ya yi wa layin rata sosai, shi ya sa ya zama ƙato.

Batun hoto kuwa, ban ɗora masa laifin duka ba. Waya tana cinye launin da ke cikin inuwa, ko ta baƙanta shi ko ta wanke shi, wannan gaskiya ne. Amma Eric Fischl, Ba'amurken da ya yi suna da zanen mutane a gaɓa tun shekarun 1980, da hotuna yake aiki, har yakan ɗauko mutum daga wannan hoto ya haɗa da na wancan. Bambancin shi ne ya san hasken da ido, hoton tuni ne kawai. Akwai aikinsa na 1983 mai ɓangare biyu a gidan adana zane na Whitney a New York: a hagu masu yawon shaƙatawa suna shan rana, a dama 'yan gudun hijirar Haiti da igiyar ruwa ta watso gaɓa. Dubi yadda launin jikin mutanen ya bi yanayin ruwan kowane ɓangare.

A nan zan ɗan saɓa wa kaina. Ba kowane mai zane na yau ke son mutum ya narke cikin wurin ba. Amy Sherald, wadda ta zana Michelle Obama a 2018, tana da zanen 2019 na matasa huɗu baƙaƙen fata a bakin teku, biyu sun ɗauki biyu a kafaɗa. Fatarsu ruwan toka ta yi ta, sama shuɗiya sumul, gefen jikinsu a yanke tsaf. Kamar an manna su ɗin ne, kuma da gangan, don su tsaya su dube ka ido cikin ido. Alex Katz, wani Ba'amurke mai zane, shi ma shimfiɗa launi yake yi ba tare da yawan inuwa ba. Sai dai su komai na zanen ya bi doka ɗaya. Naka ruwan irin na Sorolla ne, mutumin kuma ya karkata wajen Sherald, to sai ka zaɓi gida ɗaya. Ni dai hannunka na ga ya fi son na farkon.

In kana da halin zuwa gaɓa, je da ƙananan alluna, kamar tafin hannu biyu, ka ba kowanne minti 20, kada ka damu da fuska. Ka lura da cikar ruwa da janyewarsa, kusan awa 6 ne tsakaninsu, na taɓa shagala har ruwa ya tafi min da burushi biyu. Fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, yana bushewa a kan burushi in iska na kaɗawa, fentin mai kuma yana kama yashi. Wata rana iska ta kifar min da allo a kan fuskarsa, na kusa kuka, sai daga baya na ji cewa zanen da Monet, mai zanen nan na Faransa, ya yi a gaɓar Trouville ta ƙasarsu a 1870, wanda ke Landan, har yau akwai ƙwayoyin yashi a cikin fentinsa.

Wannan da ka ɗora kada ka goge shi. Taɓa kafaɗar da shuɗin samanka, nutsar da dunduniyar, rage tsawon yaron can, sannan ka sake ɗora mana mu gani.